Idan Sodiyam Ya Yi Yawa a Jini: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Sauko da Shi

Kofin ruwan da na ajiye wa kakata a gefen gado da safe, haka na same shi da la'asar, ko kurɓa ɗaya ba a yi ba. Kwananta uku ke nan tana fama da zazzaɓi. Na ce, "Kaka, ki ɗan sha mana." Ta kawar da kai ta ce, "Ba na jin ƙishirwa, ɗan nan, bar ni in kwanta." Washegari sai ta fara kirana da sunan wani, harshenta ya bushe ƙarau, tana ta barcin da ba mu saba gani ba. Da aka kai ta asibiti aka ɗebi jini, likita ya nuna mini takardar ya ce sodiyam ɗinta ya kai 158. Ni kuwa abin da ya fara zo mini a rai shi ne gishirin abincin da muke ba ta. Ya girgiza kai ya ce ruwa ne ya ƙare mata a jiki. Tun daga ranar nake son duk mai jinyar tsoho ko jariri ya san wannan ciwo, domin yana shigowa a hankali, ba ya sallama.

Mataki na farko: fahimci abin da lambar take faɗa

Sodiyam sinadari ne da ke cikin gishiri, kuma shi ne ke riƙe da ma'aunin ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki. A jikin mai lafiya yana tsakanin 135 zuwa 145 milimol a kowace lita ta jini. Da zarar ya wuce 145, an shiga abin da likitoci ke kira haifanatiremiya. Idan ya haura 160, lamarin ya yi tsanani sosai.

Abin lura shi ne, wannan lamba tana auna kaurin gishiri a cikin ruwa ne. Ka ɗauki tukunyar ruwa mai gishiri ka bar ta a kan wuta: ba ka ƙara ko ƙwayar gishiri ɗaya ba, amma ruwan na ƙonewa, ɗanɗanon gishirin na ƙara fitowa. Haka yake a yawancin masu wannan matsala. Ruwa ne ya tafi, gishirin ya tsaya.

Jiki yana da masu gadi biyu. Na ɗaya ƙishirwa. Na biyu wani sinadari ne mai suna basofiresin, wanda ake haɗawa a ƙwaƙwalwa, ya fito ta wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashinta mai suna fituwitari, ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa ya yi duhu idan ka daɗe ba ka sha ruwa ba. Ƙishirwa tana da ƙarfi ƙwarai, har ta kai da wuya ka ga baligi mai hankalinsa, wanda ruwa ke kusa da shi, sodiyam ɗinsa ya hau ya zauna. Saboda haka duk inda ka ga wannan ciwo, tambayar farko ita ce: me ya hana mutumin nan shan ruwa?

Mataki na biyu: san waɗanda abin ya fi kamawa

Amsar tambayar can ita ke nuna mana su. Tsofaffi ne a sahun gaba, domin jin ƙishirwa na dusashewa da shekaru, ƙodarsu ma ba ta riƙe ruwa kamar da. Idan aka haɗa da gigin tsufa, ko shanyewar ɓarin jiki da ta sa haɗiya ta yi wuya, ko kwanciyar da mutum ba ya iya miƙa hannu ya ɗauki kofi, to haɗarin ya ninka. Wasu tsofaffin ma da gangan suke rage shan ruwa don kunyar yawan neman a kai su banɗaki. Wannan na gan shi da idona, kuma ba za su taɓa faɗa maka ba sai ka lura da kanka.

Sai jarirai, waɗanda kuka kaɗai ne bakinsu. Sai marasa lafiya da ke cikin suma ko a ɗakin kulawa ta musamman, da waɗanda ake ciyarwa ta robar hanci ba tare da an riƙa bi da isasshen ruwa ba.

Mataki na uku: nemo ƙofar da ruwan ya bi ya fita

Ta ciki. Gudawa da amai su ne kan gaba, musamman a yara. Wasu magungunan sassauta ciki, irin su laktulos da ake ba masu ciwon hanta, suna jawo gudawa mai ruwa-ruwa da ke kwashe ruwa fiye da gishiri.

Ta fata da numfashi. Zazzaɓi mai zafi, gumi mai yawa, ƙuna mai faɗi, da saurin numfashi. Ko lafiya lau kake, jiki na zubar da kimanin rabin lita ko fiye a kullum ta fata da huhu ba tare da ka sani ba, zazzaɓi kuma yana ƙara adadin.

Ta ƙoda. A nan ne ake buƙatar nutsuwa. Idan sukari ya hau sosai a jinin mai ciwon suga, yana malalowa cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi, mutum ya yi ta fitsari har ya bushe. Magungunan sa fitsari irin su furosemayid, da manitol da ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa, su ma suna iya jawo haka.

Akwai kuma ciwon yawan fitsari da ba shi da alaƙa da sukari, wanda aka daɗe ana kira dayabetis insifidus. Sunan ya sha rikita mutane har da ma'aikatan lafiya, shi ya sa a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka ba da shawarar a riƙa kiransa ƙarancin basofiresin ko bijirewar basofiresin. Iri biyu ne. A na farko ƙwaƙwalwa ce ba ta fitar da sinadarin, sau da yawa bayan bugun kai, tiyatar ƙwaƙwalwa ko ƙari a wurin. A na biyu sinadarin yana nan, ƙodar ce ta yi kunnen uwar shegu da umarninsa. Maganin litiyam, wanda ake ba masu wata larurar ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum hawa da sauka, yana cikin manyan masu jawo wannan, haka ma yawan kalsiyam ko ƙarancin fotasiyam a jini, wasu kuma gado ne. Mai wannan ciwo yana fitsarin da ya wuce lita 3 a rana, wani har lita 10 ko fiye, fari tas kamar ruwan sha. Muddin yana samun ruwa yadda yake so, sodiyam ɗinsa na iya zama daidai. Ranar da aka hana shi sha saboda tiyata, ko ya suma, ranar abin zai bayyana.

Sai kaso na ƙarshe, inda da gaske gishirin ne ya shiga da yawa. Bai kai sauran yawa ba, amma ya fi su saurin kisa. A asibiti yana faruwa ta ƙarin ruwa mai kaurin gishiri ko allurar sodiyam bayikabonet. A gida kuwa yana faruwa ta hanyoyi uku da ya kamata kowa ya sani: a dama madarar jariri da kauri fiye da ƙa'ida, a haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa a sa gishiri mai yawa ko ruwa kaɗan, ko a ɗura wa wanda ya sha guba ruwan gishiri don ya yi amai. Wannan na ƙarshen kada a kuskura. An rasa rayuka ta hanyarsa, gishirin ya kashe wanda gubar ba ta kashe ba. Ruwan teku ma haka ne, sodiyam ɗinsa ya ninka na jini fiye da sau uku, don haka mai shansa ƙara wa kansa ƙishirwa yake yi.

Mataki na huɗu: karanta alamomin

Kusan duk alamomin daga ƙwaƙwalwa suke fitowa. Idan jini ya yi kauri da gishiri, yana zuƙe ruwa daga cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, su motse. Idan motsewar ta zo da sauri, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai na iya tsinkewa, jini ya zuba.

A babba, abin yakan fara da ƙishirwa mai tsanani, kasala da saurin fushi. Daga nan sai ruɗewa, yawan barci, rawar tsoka, jijjiga, har doguwar suma. Tare da su za ka ga alamun bushewar jiki: baki da harshe a bushe, ido ya faɗa, fitsari kaɗan mai duhu, jiri idan an miƙe tsaye, zuciya na bugawa da sauri. Amma ka tuna da kakata. Tsoho na iya bushewa ƙwarai yana ce maka ba ya jin ƙishirwa. A wurinsa, sabon ruɗewa ko barcin da ya wuce na kullum shi ne ƙararrawa. Kada a ce tsufa ne kawai a ja masa bargo.

A jariri, lura da kuka mai kaifi da ba a saba ji ba, ko yaron ya yi laƙwas amma da an taɓa shi sai ya firgita ya tsanyara. Maɗiga na iya faɗawa, fata kuma idan ka murza ta sai ka ji ta kamar ƙullin fulawa. Wani abin da ke yaudara shi ne, yaro mai wannan matsala sau da yawa ba ya nuna bushewa kamar yadda ya bushe a zahiri, domin ruwan da aka zuƙo daga ƙwayoyin jiki yana cike jijiyoyin jini na ɗan lokaci.

Ina so in daɗe kaɗan a kan sabon haihuwa. A makon farko, idan jariri bai iya kama nono da kyau ba ko ruwan nonon bai sauko sosai ba, yana iya bushewa alhali uwa na ganin kullum yana bakin mama. Daidai ne ya ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma idan ragin ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa, a duba shi. Daga kwana na biyar ya kamata ya riƙa jiƙa nafkin kamar sau 6 a rana, ya kuma dawo nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 zuwa 14. Jaririn da ba ya farkawa neman nono, ga shawara ta sa idonsa ya yi rawaya, ga nafkin a bushe, ba yaro mai haƙuri ba ne, yaro ne mai buƙatar likita a ranar. Wannan ba laifin uwa ba ne, kuma ba dalilin daina shayarwa ba ne. Gyaran kama nono da ƙarin abin da ma'aikatan lafiya suka tsara shi ne mafita. Kada a ba jaririn da bai kai wata 6 ba ruwa zalla da sunan magani, domin hakan na iya faɗar da sodiyam ɗinsa ƙasa warwas, ya jawo jijjiga.

Mataki na biyar: abin da za ka yi kafin a isa asibiti

Idan akwai ruɗewa, jijjiga, suma, amai da ba ya tsayawa, ko an san mutum ya sha gishiri mai yawa, a tafi asibiti nan take. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, zai iya shaƙewa ruwan ya faɗa huhu. Kwantar da shi ta gefe.

Idan babba ne yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan gudawa ce, musamman a yaro, ruwan gishiri da sukari na fakiti ya fi dacewa. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da sodiyam milimol 75 a lita, wato kusan rabin na jini, amma sai an haɗa shi daidai. Karanta jikin fakitin, domin wani na lita ɗaya ne, wani na ƙasa da haka. Kada ka rage ruwan da tunanin zai fi ƙarfi. Idan babu fakiti sai na gida, ma'aunin shi ne ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Ɗanɗana kafin ka bayar, kada gishirinsa ya wuce na hawaye.

Za ka tafi asibiti, kwashi duk magungunan da majinyacin ke sha a leda ɗaya. Ka kuma shirya amsar tambayoyi uku: yaushe abin ya fara, nawa yake sha, nawa yake fitsari. Amsar ta farko ita ce za ta yanke saurin maganin.

Mataki na shida: gwaje-gwaje

Ba a gane wannan ciwo da ido, sai da gwajin jini. Tare da sodiyam za a duba sukari, aikin ƙoda, fotasiyam da kalsiyam. Sukari yana da muhimmanci saboda idan ya hau sosai yana ɓoye gaskiyar lambar sodiyam, ta fito ƙasa da yadda take, sai an sauko da sukarin a ga ta haura.

Fitsari kuma shi ne mai tona asiri. Idan ya yi kauri sosai kuma kaɗan ne, ƙoda na aikinta, ruwan ta wata ƙofa ya fita ko kuma ba a sha ba. Idan kuwa jini ya yi kauri amma fitsari na zuba da yawa tsararo, ma'aunin kaurinsa a gwaji ƙasa da 300, to matsalar basofiresin ce. Daga nan sai a ba da desmofiresin, wato basofiresin na haɗawa, a gani. Fitsarin ya ragu ya yi kauri, daga ƙwaƙwalwa ne. Bai canza ba, daga ƙoda ne.

Mataki na bakwai: maganin, da dalilin da ya sa ba a gaggawa

Idan hawan jinin majinyaci ya faɗi saboda tsananin bushewa, za a fara da ƙarin ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100. Wannan na ba masu jinya mamaki: ana kukan gishiri kuma a sa ruwan gishiri? Dalili shi ne sai jini ya zaga kafin a yi maganar komai, kuma sodiyam ɗin wannan ruwa 154 ne, sau da yawa ƙasa da na majinyacin.

Bayan nan sai a lissafa ruwan da jiki ke bin bashi. Ana ɗaukar nauyin mutum a ninka da 0.6 ga namiji, 0.5 ga mace ko dattijo, 0.45 ga dattijuwa, a sami jimlar ruwan jikinsa. Sai a raba sodiyam ɗinsa da 140, a cire 1, a ninka da waccan jimlar. Misali dattijuwa mai kilo 60, sodiyam 160. Ruwan jikinta lita 27. An raba 160 da 140 an cire 1, saura kimanin 0.14. Bashin ya kama kusan lita 4. A kan wannan za a ƙara abin da take ci gaba da zubarwa ta fitsari, gumi ko gudawa. Lissafin kimantawa ne kawai, shi ya sa ake sake ɗiban jini duk bayan 'yan awoyi a gyara saurin ruwan. Kada ka ji haushin yawan sukar allurar, ita ce sitiyarin maganin.

Idan mutum na iya sha, ta baki ya fi, ko ta robar hanci. Idan ba hali, sai ta jijiya da ruwan gulukos na kashi 5 cikin 100 ko ruwan gishiri mai rabin ƙarfi, na 0.45. Ba a taɓa sa ruwa zalla a jijiya, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini.

To me ya sa ba za a juye lita huɗun nan a dare ɗaya a huta ba? Saboda ƙwaƙwalwa ta riga ta yi dabara. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu tana tara wasu sinadarai a cikin ƙwayoyinta don ta jawo ruwanta ta dawo girmanta. Idan aka tsinka jini da sauri alhali waɗannan sinadarai na nan, ruwa zai kwarara cikin ƙwayoyin, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Sakamakon jijjiga ne, ko lahani na dindindin. An fi ganin wannan a jarirai da yara. Don haka idan matsalar ta wuce awa 48, ko ba a san lokacin da ta fara ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada saukar lambar sodiyam ta wuce kimanin 0.5 a awa, wato 10 zuwa 12 a awa 24. Dattijuwar misalinmu za ta ɗauki kamar kwana biyu kafin ta dawo 145 ko ƙasa. Kakata ma sai a rana ta uku ta kalle ni ta kira sunana daidai, ta ce a miƙo mata ɗankwalinta.

Idan kuwa abin na 'yan awoyi ne, kamar wanda ya sha gishiri, ƙwaƙwalwa ba ta kai ga yin dabarar ba, sai a sauko da shi da sauri, kimanin 1 a kowace awa, wani lokaci da maganin sa fitsari, ko wankin ƙoda idan ƙodar ta gaza. A manya kuma, jan ƙafa fiye da kima shi ma haɗari ne. Barin sodiyam a sama kwana da kwanaki don tsoron kumburi yana da nasa lahanin, don haka idan ka ga kwana biyu lambar ba ta motsa ba, kana da damar tambayar likita cikin ladabi ko za a sake duba lissafin.

Duk wannan aikin banza ne idan ba a toshe ƙofar ba. Mai ciwon suga a ba shi insulin, mai zazzaɓi a nemo abin da ya kawo shi, mai ƙarancin basofiresin a sa shi a kan desmofiresin na ƙwaya, na feshin hanci ko na allura. Wanda ƙodarsa ce ta bijire, ana rage masa gishiri a abinci, a ba shi wani maganin sa fitsari na dangin tayazayid, wanda a wannan ciwon rage fitsarin yake yi. Idan litiyam ne sila, akwai wani magani mai suna amilorayid, kuma kada majinyaci ya daina litiyam da kansa sai likitan da ya rubuta masa ya tsara.

Mataki na takwas: bayan an dawo gida

Ga tsoho, daina jiran ya nema. Ka auna ruwan yini a gora ɗaya da safe, ka riƙa miƙa masa a hannu lokacin cin abinci, lokacin shan magani da tsakaninsu, da yamma ka duba abin da ya rage. Ajiye kofi a gefen gado ba shayarwa ba ne, ni shaida ne. Ranar zafi, zazzaɓi ko gudawa a ƙara. Idan yana da ciwon zuciya ko na ƙoda da aka ƙayyade masa ruwa, tambayi likita adadin da ya dace da shi da kuma abin da za a yi ranar rashin lafiya. Idan kunyar banɗaki ce ke hana shi sha, kawo masa abin fitsari kusa, ka kuma daina nuna gajiya idan ya kira.

Ga mai dama madarar jariri, ruwa ake fara zubawa zuwa layin da aka ce, sannan garin, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe ba a tula ba.

Mai shan desmofiresin kuwa yana da nasa haɗarin ta ɗaya gefen: idan ya sha ruwa fiye da ƙishirwarsa alhali maganin na riƙe ruwa, sodiyam zai faɗi ƙasa, da ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa. Ya sha gwargwadon ƙishirwa, ya riƙa zuwa gwajin jini a kan lokaci. Ya kuma riƙa yawo da kati mai ɗauke da sunan ciwonsa da maganinsa, domin idan aka kwantar da shi a asibiti ba ya iya magana, ma'aikatan jinya su san cewa ciwon nasa ba na suga ba ne, kuma ba a tsallake masa desmofiresin ko sau ɗaya sai da umarnin likita.